Shekara Tara Ina Roƙo a Kan Babanka

Bukan Sidi,
Lafia.

Ɗana Bitrus,

Gaisuwa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina roƙon Allah wannan takarda ta same ka ka riga ka isa Kaduna lafiya, ka sauka gidan kawunka Luka ba tare da wata matsala a hanya ba. Ka gaishe shi da matarsa da yara. Na cusa takardar a ƙarƙashin rigunanka, domin na san hannunka ba zai kai wurin ba sai ranar da za ka nemi ta sawa a kai ka masaƙa ka fara aiki.

Da baki na so in yi maka wannan magana, amma kai yanzu ba a magana da kai. Da na buɗe baki sai ka ce, "Na ji, Mama," idonka yana kan ƙofa. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san a ajin yaƙi da jahilci na coci na koya, kuma da girmana.

Abin da ka faɗa ranar Lahadi ne ya hana ni sakat. Na ce ka tashi mu tafi sujada, ka juya fuskarka bango ka ce, "Mama, sau uku ke nan ina rubuta jarrabawar shiga jami'a, sau uku sunana bai fito ba. Bana har azumin kwana bakwai na yi. Idan Allah yana ji, da ya ji. Ni na gama da addu'a."

Kwana bakwai, Bitrus. Kwana bakwai ne kake faɗa mini da muryar wanda ya yi shekara arba'in a jeji. Kuma a cikin bakwai ɗin, a rana ta huɗu na gan ka da idona a bayan ɗakin girki kana zaro dafaffiyar gyaɗa daga aljihu, na yi kamar ban gani ba. Ba raina baƙin cikinka nake yi ba. Na san abin da ciwo: abokan karatunka suna Jos da Zariya, kai kuma za ka je ka tsaya gaban inji. Amma raina ya ɓaci, kuma abin da ya fi ɓata mini shi ne muryata na ji a bakinka. Ni ma na faɗi wannan magana, ba sau ɗaya ba. Ka tashi ka ga uwarka tana ja gaba a zumuntar mata, sai ka ɗauka a durƙushe aka haife ni. To, nemi wuri ka zauna.

Ka san babanka ya taɓa shan giya. Kana tuna wasu abubuwa, na sani, ko da yake ba mu taɓa zama mun yi maganar ba. Kana shekara biyu ya fara. A lokacin aka rage ma'aikata a inda yake aikin kafinta na gwamnati, sunansa yana ciki. Ya buɗe ɗan shago kusa da kasuwa, aiki ba ya zuwa, ga gidan burukutu a tsakiyar hanya tsakanin shagon da gida. Da fari ƙwarya ɗaya ce da yamma, wai don ya huce. Kafin damina ta fita, tun da hantsi yake can.

Na fara addu'a da ƙarfina, kamar yadda ka fara taka. Amma ga kuskurena na farko: na yanka wa Allah wa'adi. Na durƙusa na ce masa, daga nan zuwa Kirsimeti nake so in ga mutumin nan ya daina. Wata huɗu na yi ban yi fashi ba, ina ƙirga makonni kamar mai ciki. Ranar Kirsimeti da la'asar muna gaban coci, mata muna waƙa muna rawa da sabon ankonmu, sai ga mutum biyu suna turo amalanken doya. Babanka ne a ciki, ƙafa ɗaya tana jan ƙasa, takalmi ɗaya babu. Ta gaban cocin suka bi da shi. Mai ganga ma sai da ya tsaya.

Washegari na goya ka na hau motar Keana, zuwa gidan mahaifiyata. A cikin motar na ce wa Allah abin da ka ce mini ranar Lahadi, kusan kalma da kalma.

Kakarka ba ta tambaye ni komai ba. Ta nuna mini tukwane da itace ta ce, "Tunda kin zo, ga aiki." Wata biyu na yi ina kankare ƙasa, ina tace ruwan gishiri, ina dafawa, hayaƙi yana cin idona. Ko addu'ar cin abinci ban yi ba. Ina nan sai ga Mama Mnena ta zo sarin gishiri. Ka san ta, tsohuwar nan 'yar Tibi da take sayar da doya kusa da rumfata a kasuwa. Ka kuma san Hausarta, mace da namiji duk "kai" ne a wurinta. Ta same ni a bakin murhu, ko zama ba ta yi ba.

"Rahila, na ji ka daina addu'a."

"Na yi wata huɗu, Mama. Na ce masa zuwa Kirsimeti."

"Ka ce wa wa?"

"Allah."

"Shi tela ne, da za ka ba shi rana ka zo karɓan kaya?"

Ta jawo turmi ta zauna a kai, ta ba ni labarin Iliya, wanda na sha ji amma ban taɓa saurara ba. An yi shekara uku da rabi ba ruwa. Mutumin ya hau dutse, ya sa kansa tsakanin gwiwoyinsa yana roƙo, ya aiki baransa ya duba wajen teku. Baran ya dawo ya ce ba komai. Ya ce ya koma. Haka har sau shida, sama fes. Sai a na bakwai aka ga ɗan gajimare da bai wuce tafin hannu ba.

Na ce mata, "Ai shi annabi ne."

Ta ce, "Annabi ɗin ba ya gajiya? Bayan wannan ma mace ɗaya ta yi masa barazana ya gudu ya kwanta ƙarƙashin itace. Mutum ne kamar kai. Ka gaya mini, idan ya tashi a na shida fa?"

A motar da ta ɗauki gishirinta na dawo Lafia.

Don haka, ɗana, kada ka yanka wa Allah rana. Ka gaya masa abin da kake so, ka gaya masa ka gaji, ka gaya masa ranka ya ɓaci, duk zai ɗauka. Amma wa'adin nan da kake sa masa, kanka kake haƙa wa rami. Ranar za ta zo ta wuce, shi yana nan yadda yake, kai ne za ka faɗa ciki. Kai ko na shidan ba ka kai ba, a na uku ka naɗe tabarmarka.

Da ma a ce da na dawo na dawo da hankali. Ina. Kuskurena na biyu ya fi na farko muni, domin kama da ibada yake yi. Na mai da addu'a sanda. Kowace asuba sai in durƙusa daidai bakin ƙofar ɗakin babanka in ɗaga murya: "Ya Ubangiji, ga mashayin nan ka gan shi. Jiya ma ya sha. Ya bar iyalinsa da yunwa, ya mai da ni abin dariya a Bukan Sidi." Haka nake jero laifinsa ɗaya bayan ɗaya, in rufe da amin mai ƙarfi. A ganina naciya nake yi. Fiye da shekara na yi a haka.

Maƙwabciyarmu ta wancan lokaci, wata Bagwandariya 'yar Arikya, ta tare ni a bakin rijiya wata rana ta ce, "Maman Bitrus, mu ma muna tashi da asuba mu yi salla, amma ba ma karanta wa unguwa laifin mazanmu." Na ji haushinta, na ce a raina me ta sani.

Babanka ne ya gama da ni. Wata safiya ina tsakiyar jeren, ya buɗe ƙofa. Ranar idonsa garau yake. Ya ce, "Rahila, idan da ni kike magana, juyo ki dube ni ki faɗa. Idan kuma da Allah ne, shi ba kurma ba ne." Ya ɗauki tabarma ya koma shago da kwana. Sati shida bai taka gidan nan ba. Addu'ata ce ta kore shi, ta kuma matsar da shi kusa da gidan burukutu.

A cikin makonnin nan ne na karanta labarin Hannatu da kaina, ina bi da yatsa. Kowace shekara tana zuwa ɗakin Ubangiji da roƙo ɗaya, na haihuwa, kowace shekara tana komawa hannu wofi. Ranar da ta zube da kuka, leɓunanta kaɗai ke motsi, murya ba ta fita, har firist ya ɗauka buguwa ta yi. Na ajiye littafin na ji kunya ta rufe ni. Matar da ta fi ni ciwo ko wanda ke zaune kusa da ita bai ji abin da take faɗa ba, ni kuwa har gida na uku sun haddace tawa.

Kai ma haka ka yi da azuminka, kada ka ce ban lura ba. Kafin ka fara, duk matasan coci sun sani. Kana tafiya kana jan ƙafa, kana lasar leɓe a gaban mutane. Shi ya sa da sunanka bai fito ba, kunyar ta ninka: ba jami'a kaɗai ka rasa ba, har da fuska. A Kaduna ɗaki ɗaya za ku kwana da 'ya'yan kawunka. Ba sai sun san lokacin da kake yi ba. Kuma idan wani ya ɓata maka rai a gidan, ka same shi ka gaya masa a fuskarsa, kada ka bi ta kan Allah ka jefe shi.

Na uku kuwa, ko yanzu da nake rubutawa fuskata zafi take yi. A shekara ta huɗu na gaji da jira, na nemi gajeriyar hanya. Wata mai sayar da manja ta gaya mini akwai wani annabi a hanyar Makurdi, mai farar riga har ƙasa, wai shi addu'arsa ba ta kwana. Na je a ɓoye, ko Mama Mnena ban gaya wa ba. Ya dube ni ya ce ai addu'ata ba ta da nauyi ne, in bar masa aikin. Ya ce in kawo bunsuru da kyandir. Na kai. Ya ba ni wani ruwa a kwalba, ya ce in riƙa zuba wa babanka a miya kwana uku, giya za ta fita daga ransa har abada.

Na zuba. Abin da ya fita daga jikin babanka ba giya ba ce. Kwana biyar yana gudawa da amai, har sai da aka ɗauke shi zuwa asibiti aka ƙara masa ruwa. Ma'aikaciyar ta tambaye ni me ya ci, na dubi idonta na ce ban sani ba. Ranar da aka sallame shi, kafin ya iso gida sai da ya biya gidan burukutu, wai ya wanke bakinsa daga ɗacin magani. Na kusa kashe mijina, na yi ƙarya, ga bunsuru ya tafi.

Ina gaya maka wannan ne domin irin mutanen nan sun fi yawa a babban gari, kuma suna gane fuskar wanda ya gaji tun daga nesa. Za su ce maka akwai wanda ya ɗaure sunanka, su ne za su kwance. Ka wuce abinka. Yakubu da ya ga bala'i yana tunkaro shi, ga dukiya ga bayi yana da su, amma ba wanda ya tura ya yi kokawa da mala'ikan Allah a madadinsa. Shi ya riƙe, ya ce ba zai saki ba sai an sa masa albarka. Ya samu, amma da ɗingishi ya bar wurin. Wannan ɓangaren ne masu farar riga ba sa faɗa. Ka nemi mutane su taya ka addu'a, wannan daidai ne. Amma duk wanda ya ce ka kawo wani abu ka koma gida ka kwanta shi zai yi maka, ɓarawo ne.

Yanzu na zo wurin da na fi so in tsallake.

Kana tuna Tabita. Kana shekara bakwai, ita tana biyu, lokacin da ƙyanda ta shigo unguwa. Kwana uku na yi ina roƙo a kanta, kuma wannan karon ba wa'adi, ba ihu, ba annabi. Da dukan zuciyata na roƙa, yadda ya kamata. A rana ta huɗu da hantsi ta rasu a cinyata.

Babanka ya ce shi zai yi mata akwati da hannunsa. Ya fitar da katako ya aza zarto, layin ya ƙi tafiya daidai. Ya ɓata katako biyu. A ƙarshe wani kafinta maƙwabcinsa ne ya karɓi zarton ya gama, babanka yana zaune a ƙasa yana kallo. Na ce a raina, to, ko wannan zai sa ya daina. Bai daina ba. Ƙaruwa ma ya yi.

Nan ne na rufe bakina. Ba irin fushin Keana ba, wancan na yarinta ne. Wannan shiru ne kawai. Ina zuwa coci, ina tashi idan an tashi, ina zama idan an zauna, ina rufe ido idan an ce a yi addu'a, amma ba abin da nake faɗa. Kusan shekara guda. Kuskuren ba baƙin cikin ba ne, wa zai hana uwa baƙin ciki? Kuskuren shi ne na ɓoye. Kowa yana cewa dubi bangaskiyar Rahila, ni kuwa ciki ba kowa.

Mama Mnena ce kaɗai ta gane. Kowace Alhamis idan an tashi kasuwa sai ta biyo ni gida, ta zauna a kan kujerar tsugune, ta yi addu'a da yarensu, ni ina tsince shinkafa ko ina wanke-wanke. Wata rana na ce mata, "Mama, ki daina wahalar da kanki. Na roƙa da gaskiya, ya ɗauke ta. Me kuma zan ce masa?"

Ta ce, "Ka ce masa haka ɗin."

"In ce masa me?"

"Ka ce, na roƙa ka ɗauke. Shi ma magana ne. Ni na binne uku, Rahila. Ban san dalili ba har yau. Amma gara ina yi masa faɗa da in daina yi masa magana."

Alhamis ta gaba ta sake zuwa, da wadda ta biyo baya.

Ba zan yi maka ƙarya ba, Bitrus, ba ni da amsar maganar Tabita. Abin da na sani shi ne Bulus ya roƙa sau uku a cire masa abin da ke sukarsa a jiki, ba a cire ba, aka ba shi ƙarfin ɗauka. Ubangijinmu da kansa sau uku ya koma ya durƙusa a lambu a kan roƙo ɗaya, kuma ƙoƙon wahalar bai wuce shi ba. Idan su an ce musu a'a ba su juya baya ba, kai wane ne da za ka juya fuska bango saboda jerin sunaye a allo? Shi ya sa maganarka ta ƙona mini rai. Jami'a tana nan, baɗi ma za a buɗe ta. Ni abin da na roƙa aka hana ni ba a sake buɗe shi.

Yadda na koma ba wani abin ba da shaida ba ne a gaban coci. Wata safiya na share tsakar gida, na shiga ɗaki na durƙusa na ce, "Na roƙa, ka ɗauke. Ga mijina Yohanna kuma." Shi ke nan, na tashi na ɗora koko. Washegari na sake. Ba hawaye, ba daɗi, ba na jin komai, kamar mai zuwa ofis a ce mata oga ba ya nan ta dawo gobe. Abin da ya riƙe ni shi ne gwauruwar nan da Yesu ya ba da misalinta, wadda ta yi ta zuwa wurin alƙalin da ba ya tsoron Allah ba ya ganin girman mutum. Ba ta da kowa, ba ta da iya magana, ƙafa kaɗai gare ta. Ta yi ta zuwa har ya gaji ya biya mata buƙata. Na ce to, idan mugun alƙali ya gaji da sawun mace, ni da nake zuwa wurin Uba, bari in yi ta zuwa. Shekara uku na yi a haka. Mafi yawan ranakun, busasshiyar addu'a ce.

Ranar da abin ya juya, wata Talata ce da ba ta da wani suna. Da la'asar ina tankaɗe sai ga babanka ya shigo, yana tafiya daidai, ya ajiye jakar kayan aikinsa ya ce, "Akwai abinci?" Na zuba masa, ya ci, ya zauna yana gyara ƙafar benci har magariba. Tsoro nake kada in yi magana abin ya watse. Laraba ma haka. Bayan wata biyu ya koma ya sha, na ce shi ke nan. Ya sake dainawa. Ya ƙara faɗuwa sau ɗaya a bikin wani abokinsa. Daga nan bai ƙara ba. Daga ƙwaryar farko zuwa ta ƙarshe, shekara tara.

Sai bayan an daɗe na tambaye shi abin da ya faru. Ya ce wata safiya ya fita, ya manta tef ɗin awo, ya dawo ɗauka, ya same ni a durƙushe ban san ya shigo ba. Ya tsaya ya ji ko me zan ce a kansa. Ya ce, "Na jira in ji mashayi, sai na ji Yohanna. Na daɗe ban ji sunana a bakinki ba." Ya ce daga ranar ya riƙa yin kamar ya fita, sai ya tsaya a bayan taga. Fiye da shekara yana haka kafin ya iya wuce gidan burukutu bai shiga ba. Ka duba fa: duk wannan lokacin ni ina cewa ba abin da ke motsi.

To ga abin da nake so ka yi, kuma ba shawara nake ba ka ba. Kowace safiya kafin ka sa takalmi, ka durƙusa. Ko ba ka ji daɗi ba, ko minti biyu ne, ko faɗa za ka yi masa. Daniyel ga aikin sarki a kansa, ga maƙiya suna leƙensa, amma sau uku a rana yake yi, kai aikin masaƙa ba zai hana ka sau ɗaya ba. Ka nemi coci tun Lahadin farko, kada ka ce sai ka huta. Ka nemi tsoho ɗaya ko tsohuwa da za ka iya gaya wa gaskiya idan cikinka ya bushe, kada ka yi irin ɓoyona. Kuma idan fom ya fito ka cika, ka buɗe littattafanka ka yi karatu, domin na lura a cikin kwana bakwai ɗin nan barci ka fi yi. Ban ce maka za ka samu baɗi ba. Ban sani ba, ni ba annabin hanyar Makurdi ba ce. Wataƙila Allah ya buɗe, wataƙila ya nuna maka wata ƙofa. Amma ko wanne ne, ina so ya same ka kuna magana da shi.

Da na kawo nan sai na ga bai kamata in ba ka labarin mutum ba da izininsa ba. Jiya da rana na kai wa babanka abinci shago, na karanta masa takardar tun daga farko, har da maganar kwalbar, wadda bai taɓa sani ba sai jiya. Da na zo wurin ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ashe ke ce." Na ce ni ce. Ya girgiza kai ya ce in ci gaba. Wurin akwatin Tabita ya tashi ya tsaya a bakin ƙofa ya ba ni baya. Da na gama na tambaye shi ko in cire wani abu.

Ya ce, "Kada ki cire komai. Ki ƙara masa ɗaya."

Ga shi yadda ya faɗa: "Ki gaya masa gidan burukutun yana nan a inda yake, kuma ta gabansa nake bi safe da yamma. Shekara goma ke nan, amma har yau akwai ranar da idan ƙamshin ya buge ni ƙafata takan rage sauri. Idan ya gaji da roƙa wa kansa, ya bar nasa ya huta. Ya riƙa roƙa mini."

Ya koma ya ɗauki gudumarsa. Ka san shi, a tasha ba zai ce maka komai ba sai "Ka kula da kanka." Amma wannan saƙonsa ne, ni ban ƙara ko kalma ba.

Allah ya kiyaye fitarka da shigarka. Ya tsare ka daga haɗarin mota da na inji, da mugun aboki, da ciwo a baƙon wuri. Ya ba ka tagomashi a gaban kawunka da shugabanninka na aiki, ya dawo mana da kai lafiya. Mama Mnena tana gaishe ka, ƙafa ta hana ta zuwa sallama. Ka rubuto da zarar ka samu zama, kuma ka rubuta da kyau yadda zan iya karantawa.

Ni ce mahaifiyarka,
Rahila.